Kunkurun Galapagos: Darasi Daga Tsibirai Biyu



Jawabina na yau a kan tsibiran Galapagos ne, mallakar ƙasar Ekwado, waɗanda ke cikin Tekun Fasifik, kimanin mil 600 daga gaɓar Amurka ta Kudu. Aman wutar duwatsu ne ya kafa su, saboda haka baƙo zai fara cin karo da baƙin dutse ƙeƙasasshe. Sai ya hau tudun tsibirin Santa Kurus sannan zai tarar da kunkuraye suna kiwo, wani nauyinsa ya haura kilo 200, shekarunsa sun wuce 100. Doka ta hana a matso kusa da su ƙasa da mita 2.

Juriyar wannan dabba ita ta jawo mata bala'i. Da yake takan yi watanni ba ci ba sha, sai matuƙan jiragen ruwa na dā suka mayar da ita guzuri, suna loda ta da rai. Awakin da mutane suka kawo kuma suka cinye abincinta.

To, ku dubi tsibirai biyu. A Esfanyola, kunkuru 14 kaɗai suka rage, mata 12, maza 2. Tun daga shekarun 1960 aka soma kwashe su zuwa wurin reno a Santa Kurus, daga baya aka ƙaro namiji ɗaya daga gidan dabbobi na San Diyego. Suka hayayyafa, zuriyarsu ta kai wajen 2,000, har aka mayar da iyayen gida a 2020.

A Finta kuwa, ihu bayan hari aka yi. An saki awaki 3 a can a 1959, suka yaɗu dubbai. A 1971 aka ga namijin kunkuru guda tak. Aka yi ta neman macen irinsa, ba a dace ba. Da ya mutu a 2012, irinsa ya ƙare ke nan.

Masana ɗaya ne, ƙoƙari ɗaya ne. Bambancin kawai lokaci. Da yawanku gobe za ku riƙe ma'aikatun gandun daji da na gona. In rahoto ya zo teburinku cewa wata halitta tana ƙarewa, kada ku bar shi ya kwana, domin da sanyin safiya ake kama fara.