Kayan Ɗauka da Kayan Saukewa



Duk wanda ya taɓa tsayawa a Circle, gindin gadar saman nan da aka buɗe a 2016, ya ga 'yan matan da a ke kira kayayo. Rabin sunan namu ne, watau kaya, ɗayan rabin kuwa mace ne da bakin Ga. Yawancinsu daga arewa su ke zuwa, wajen Tamale da Walewale, ba su da jari sai daro da gammo. A 2017 gwamnati ta yafe musu kuɗin tikitin kasuwa, amma nauyin daro yana nan yadda ya ke.

Ka lura da wadda ta daɗe a aikin. Ba kowane kaya ta kan yarda da shi ba. Ta kan jinjina tukuna, in ya fi ƙarfin wuyanta ta ce a raba. Sa'an nan in ta isa tasha ba ta saukewa ita kaɗai, sai ta tsaya ta kira wani ya kama mata, gama wadda ta yi gardama ta sauke da kanta ta kan yi ɓari, ko ta ji ciwo.

Ɗan'uwana, me ke cikin daronka? Akwai kayan da Allah ya ɗora maka: tsohuwarka da ke jiran aike a gida, kuɗin makarantar yara, bashin da ka ci da alkawarin biya. Waɗannan naka ne, kada ka yar da su ka ce ka dogara ga Allah. Manzo Bulus ya koya wa Galatiyawa, cikin sura 6, mu taimaki juna da nauyi, kowa kuma ya ɗauki nasa.

Amma a ƙarƙashinsu akwai abin da ba wanda ya aike ka da shi. Ƙullin da ka ke yi da ɗan'uwanka a kan ɗakin gado, shekara da shekaru ba gaisuwa, alhali lungu ɗaya ku ke bi. Tsoron gobe mai hana ka barci. Zunubin da ka ɓoye wa matarka. 'Yar dako ko ba kome ana biyanta ladanta, kai fa, wa zai biya ka dakon gaba? Kuma saboda wannan ne kayan gaskiya su ke rinjayarka, har ka shiga gida da faɗa.

Ka sha gwada saukewa da kanka, ya koma. Cikin Matiyu sura 11 Yesu ya kira masu nauyin kaya su zo wurinsa, ya yi musu alkawarin hutu. Shi ne mai kama maka, gama ya riga ya ɗauki zunubinka a kan giciye. Ka faɗa masa kayan da sunansa, ɗaya ɗaya. In ƙulli ne, gobe da safe ƙafarka ta kai ka ƙofar ɗan'uwan nan.

Bari mu yi addu'a.