Gobara Da Ambilans A Belbeji: Wa Za A Tambaya?

Jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikatan hukuma na Damargu

 

In wuta ta tashi a kasuwar Belbeji da tsakar dare, ko naƙuda ta tsananta wa mace a wani ƙauye na kwarin Tarka, wace hukuma ce ke da alhakin kai ɗauki? In kuma ɗaukin bai zo ba, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa da safe? Wannan ita ce tambayar da ta tara jama'a a nan.

Masu kashe gobara, waɗanda ake kira sapar-pompiye, sojoji ne na gwamnatin ƙasa. Magajin gari ba ya ba su umurni, ba ya biyan su albashi. Lambar kiransu 18 ce, amma lamba ba ta rage tsawon hanya. Tsakanin Damagaram da Tanut kaɗai akwai kimanin kilomita 150, Belbeji kuwa tana can yamma da Tanut. Rumfar zana da kara ba ta jiran kowa. Motar da za ta taso daga wani gari, komai gudunta, toka za ta tarar. Ita ma ambilans ba ta magajin gari ba ce, tana hannun hukumar lafiya ta gunduma, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya a Yamai. Bisa ga haka, sau da yawa akan ji masu mulkin ƙaramar hukuma suna cewa wannan ba huruminsu ba ne. Rabin gaskiya suka faɗa. Sauran rabin shi ne ya shafi aljihun ɗan kasuwa.

Sanin kowa ne cewa tun Taron Ƙasa na 1991 ake alkawarin matso da mulki kusa da talaka. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya ƙare cikin rigima, sai a Yulin 2004 aka samu majalisun da suka zauna. A 2011 Belbeji ta fita daga ƙarƙashin Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta, kuma ƙaramar hukuma ɗaya tak gare ta, wato Tarka, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 90 a cikinta. Ke nan iyakar perfe ita ce iyakar magajin gari, ba wanda zai ce laifin maƙwabci ne. A Janairun 2016 kuma gwamnati ta sa hannu kan dokar miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na aikin lafiya, da ilimi, da ruwa, da muhalli. To, mai neman ya san inda ambilans da gobara suka shiga, ya sake duba waɗannan huɗun: ambilans lafiya ce, kashe wuta ruwa ne, wutar daji muhalli ce, ajin zana kuwa ilimi ne.

A ɗauki maganar ambilans, domin ita ce ta fi ci wa iyalai tuwo a ƙwarya. Mota ba ta tafiya da alkawari, da gazuwal take tafiya. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, haka ma awon ciki, gwamnati za ta biya gidajen likita daga baya. Shekara da shekaru biyan yana makara, asusun gidajen likita yana ramewa. Don a samu abin kai marar lafiya babban asibiti, gundumomi da dama na ƙasar nan suka ɗauki tsarin ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita, a tara a asusu na musamman. Dabara ce mai kyau, domin mai ciwon kai na yau shi ke biya wa mai naƙudar gobe. Sai dai kuɗin da aka tara da dala-dala shi ya fi sauƙin ɓata. Duk inda asusun ya ƙafe, mijin mai naƙuda ake cewa ya kawo kuɗin mai, kuma ƴan kasuwar dabbobi sun fi kowa sanin farashin akuyar da aka sayar cikin dare, da mai ita tsaye yana rawar jiki. Kwamitin kula da gidan likita na jama'a ne. Hakkin kowane mai biyan lanho ne ya ji nawa aka tara a wata, sau nawa motar ta fita, ina ta je, wa ta ɗauka. Direban kirki ba ya tsoron littafin tafiya. Littafin ne ma ke wanke shi ranar da aka fara tsegumin an ga motar a gidan biki.

Gobara kuwa, aikinta mafi girma ana yin sa ne tun ba ta tashi ba, kuma wannan aiki na ƙaramar hukuma ne kacokan. Ita ke karɓar tikitin kasuwa, ita ke raba rumfuna. Ita ce za ta iya hana a toshe hanyoyin cikin kasuwa, ta raba mai ruwa-ruwa da kwalaben mai daga mai tuyar ƙosai da mai tarin harawa, ta tanadi ganguna da yashi da famfon da za a iya buɗewa da dare ba sai an je neman mai mabuɗi ba. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, alhali a babban birni take, kusa da masu kashe gobara. A 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, sannan a Maraɗi cikin Nuwamba, inda yara fiye da 20 suka rasu. In haka ta faru a inda motoci suke, ina ga inda sai an jira su? Ga kuma tankokin mai da ke bin hanyar Damagaram zuwa Agadas tun da aka buɗe matatar Soraz a 2011. A nan ƴan kasuwa ma sai su ji ta kansu: wanda ya ƙara rumfa cikin hanya don ya samu taki biyu na baje kaya, shi ne farkon mai kuka ranar da hanyar ta gagara bi.

Saura magana mai wuyar faɗi. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Kansilan da talaka kan tare a bakin masallaci ya yi masa tambaya ya tashi daga kujera. Amma tikitin kasuwa bai tashi ba, lanho bai tashi ba. Duk wanda ya karɓi kuɗin jama'a, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, lissafi ya hau kansa, kuma tambayar lissafi ba tawaye ba ce. Ma'aikatan hukuma da ke wannan zaure sun iya karanta kasafin kuɗi. Ƴan kasuwa su ne ke cika shi. In ɓangarorin biyu suka je tare, suka nemi a nuna musu layin da aka rubuta man ambilans da na rigakafin gobara, za a ga ko akwai shi ko babu.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. A Damargu ciyawa kan bushe da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta biyo baya, kuma wuta guda na iya lashe makiyayar da Fulani da Buzaye suka dogara da ita har bazara, daga nan farashin dabba ya faɗi a kasuwar Belbeji. Hanyoyin tare wuta a daji tun cikin Oktoba ya kamata a share su, kuɗin leburorin kuwa sai an rubuta shi a kasafin shekarar da ta gabata. Saboda haka wakilan da wannan taro zai tura su isa ofishin ƙaramar hukuma kafin a rufe kasafin baɗi.