Yaji kala uku, leda kala uku: ta ina za a fara?

Hirar yau ta masu ƙananan sana'o'i ce: masu yaji, kilishi, dambun nama, garin kunu.

Wata 'yar'uwa ce ta turo tambaya. Tana yin yaji kala uku, na tafarnuwa, na citta da na daddawa, kuma tana so kowanne ya samu ledarsa mai ɗauke da sunanta. Da ta je kamfani sai aka ce mata sai dai ta yi odar dubbai. Wai wulaƙanci ne?

Wallahi ba wulaƙanci ba ne, 'yar'uwa. A tsohuwar hanyar buga leda, kowace kala sai an sassaƙa mata silindar ƙarfe tata. Zane mai kala biyar, silinda biyar ke nan. Ki canza zane, a sake wasu. Kuɗin nan kuma ɗaya ne, ko leda ɗari za ki buga ko dubu ɗari. Shi ya sa ba sa kula ƙaramin oda.

Abin da ya sauya lissafin shi ne bugun dijital, wanda zane ke tafiya daga kwamfuta zuwa inji kai tsaye, ba silinda. Kun tuna lokacin da ake neman kwalbar Coca-Cola mai suna? A Ostiraliya aka fara a 2011. A 2017 kuma Nutella ta fitar da kwalabe miliyan 7 a Italiya, kowace da zanenta daban.

Sai dai fa a dijital kuɗin kowace leda ya fi yawa. Ribarki ita ce ba ki binne jarinki a ledar da za ta shekara ƙarƙashin gado ba.

Ni dai da ni ce ke, ledar da ba rubutu zan saya, mai tsayuwa da zif, in buga sitika kala uku kaɗan-kaɗan, in liƙe baki da ƙaramin injin liƙe leda. Wanda ya fi tafiya a kasuwa, shi za ki kai kamfani daga baya. Masu kilishi da dambu, ku nemi mai azurfa a ciki, saboda mai da iska.

Kuma don Allah kar ki buga da yawa kafin lambar NAFDAC ta fito, in ba haka ba sai kin sake bugu gaba ɗaya.

Ku ajiye tambayoyinku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.