Agadas, birnin bakin duwatsun Azbin

Hirarmu ta yau a kan birnin Agadas take. Da yawa cikinku sun tahi can neman kuɗi ko fatauci. Wanda bai tahi ba ma ya ci gishirin da ya biyo ta can. Ku saurara da kyau, don labarin Agadas ya haɗu da namu na Adar.

Ina Agadas take?

Daga Tawa zuwa Agadas kamar kilomita 400 ne, arewa maso gabas. Garin shina bakin duwatsun Azbin. Mu nan mun san dutsi, mun san fako, amma duwatsun Azbin sun fi namu nesa ba kusa ba. A tsaunin Bagzan akwai wurin da ya kai mitir 2022 na bisa. Duk faɗin Nijar babu inda ya kai shi. Can bisa akwai sanyi da idanun ruwa. Mutane na noman albasa, tafarnuwa da dankalin turawa. A Timiya kuma har lemu ake samu.

Amma ruwan sama kaɗan ne a Agadas. Hatsi ba ya yi kamar nan. To, mi ya sa babban birni ya tsaya a wurin da ba a cika rumbu? Abu biyu ne: hanya da zaman lahiya.

Yadda sarauta ta kahu

Tun da daɗewa akwai Hausawa cikin Azbin. Gobirawa na cewa can kakanninsu sunka zauna kahin su gangaro kudu. Har yau Hausa ce ake ciniki da ita a kasuwar Agadas.

Ƙabilun Buzaye na Azbin sun sha faɗa tsakaninsu, kowa ba ya yarda ya bi ɗan'uwanshi. Sai sunka shirya su naɗa sarki wanda ba na kowace ƙabila ba, ya riƙa raba gardama. Sarki na farko sunanshi Yunus, cikin shekara ta 1405. Labarin baka na cewa daga birnin Santambul anka ɗauko shi, shi ya sa ake ce ma gidan sarautar Istambulawa. Daga baya sarakunan sunka zauna Agadas.

Da anka samu mai raba gardama, sai fatake sunka saki jiki. Ayarin Gat da na Gadamus na sauka, na Kano da na Katsina na hawa. Garin ya yi arziki har Askiya Muhammadu na Gawo ya kawo mashi yaƙi sau biyu, cikin 1500 da 1515.

Hasumiyar ƙasa

Wanda duk ya doshi Agadas, hasumiyar babban masallaci yake fara hangowa. Tsawonta mitir 27, kuma da ƙasa anka gina ta. An fara gina ta wajen 1515, anka sake gininta cikin 1844. Mutanen garin na cewa wani waliyyi mai suna Zakariya ne ya fara aikin. Kun ga itatuwan da sunka hito jikinta? Suna riƙe ginin, kuma su ne magina ke takawa in za a yi yaɓe. A da, daga bisanta ake tsinkayar ayari ko mahara.

Tsohon garin unguwa 11 gare shi. Lungunanshi a karkace suke, don an yi gini ne inda kowane dangi ya taɓa kafa bukkokinshi.

Agabba da ƙasar Adar

Yanzu ga inda labarin ya shahe mu. A da, Adar na ƙarƙashin sarakunan Kabi. Cikin 1674 wani ɗan sarkin Agadas, Muhammadu Agabba, ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta koma hannun Azbin. Daga baya ya zama sarkin Agadas. Cikin 1721 anka tuɓe shi, sai ya gangaro nan ya zauna Birnin Adar. Sarakunan Adar na Illela jikokinshi ne. Lisawan na wajen Keita su ma tahiyarshi ce ta kawo su. Kun ga ke nan, tsakanin Adar da Agadas akwai jini da sarauta.

Akwai kuma cinikin hatsi da gishiri. In kaka ta yi, ayarin raƙuma na tashi daga Azbin zuwa Faci da Balma, tahiyar kamar kilomita 600 cikin rairayin Tenere. Babu ciyawa a hanya, dole a ɗauki abincin raƙuma tun daga gida. Madugu da taurari yake gane hanya. Hatsi suke kaiwa, su sauko da kantun gishiri da dabino. Hatsin kuwa daga kudu yake hitowa, daga gonakin Damargu da na ƙasashen Hausa irin tamu. Manomi na buƙatar gishiri don dabbobinshi, mai raƙumi na buƙatar hatsi don iyalinshi. Kowa da hannun wani yake ci.

Ga wani abin mamaki na wannan hanya. Tsakiyar Tenere an yi wata itaciya guda ɗaya tilo, ayari na gane hanya da ita. Cikin 1973 wata babbar mota ta buge ta, ta faɗi. An ɗauko ta an aje a gidan tarihi na Yamai.

Lokacin da hanya ta mutu

Birnin da hanya ta gina, in hanya ta ɓaci shi ma ya ɓaci. Cikin 1850 wani Bajamushe mai suna Barth ya sauka Agadas. Ya iske gidaje da yawa kango, ya ƙiyasta mutanen da sunka rage kamar 7000. Yaƙe-yaƙe da hare-hare sun kore fatake.

Nasaran Faransa sun zauna garin cikin 1906. A watan Disamba 1916 Kawsan ya taso masu, tare da goyon bayan sarki Tagama. Sun tsare sojan Faransa cikin barikinsu har watan Maris 1917. Da gudummawa ta zo ma nasara daga Damagaram, an kashe mutane da yawa, har da malamai. Jama'a sunka watse, garin ya daɗe bai murmure ba.

Ya sake tashi da anka fara haƙar iraniyom a Arlit cikin 1971, anka kuma yi gudron daga Tawa zuwa Agadas da Arlit wajen 1980. Baƙi masu yawon buɗe ido sunka yi ta zuwa, maƙeran azurfa da dukawa sunka samu ciniki. Tawayen shekarun 1990 ya tsaida wannan, sai da anka sa hannu ga sulhu ran 24 ga Afrilu 1995. Na 2007 ma ya sake korar baƙi. Cikin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya duka.

Jama'a, kun ji labarin. Duk lokacin da Azbinawa sunka yarda da mai raba gardama, hanya ta buɗe, kasuwa ta cika. Duk lokacin da faɗa ya tashi, gidaje sun zama kango. Mu ma nan muna da burtali, muna da rijiyoyi, muna da kasuwa, kuma makiyaya na ratsa gonakinmu kowace shekara. In gardama ta taso, a kai ta gaban hakimi da dattawa tun tana ƙarama. A bar ma dabbobi hanyarsu, makiyayi kuma ya tsare gonar manomi.

Dattawan da ke nan, in akwai wanda ya taɓa bin ayari, ko ya ji labarin Agabba bakin kakanninshi, fili nashi ne, ya ƙara muna. Allah shi ba mu damina mai albarka.