Maganin Gajeren Hanji: Kasuwar Masu Hali



Idan tiyata ta rage wa baligi ƙaramin hanjinsa har ya gaza mita 2, jiki ba ya iya tsotse ruwa da abinci yadda ya kamata. Gudawa ta ƙi tsayawa, mutum ya rame yana ci. Tun 1968, da Dakta Stanley Dudrick na Jami'ar Pennsylvania ya nuna ana iya ciyar da mutum ta jijiya, wannan dabara ce ke riƙe da irin waɗannan majinyata. Rayuwa ce mai wuya: kwana jone da robar ƙarin ruwa, hanta na gajiya, ƙwayoyin cuta na bin robar su shiga jini.

A 1996 Daniel Drucker a Toronto ya gano cewa wani sinadarin da hanji ke fitarwa, GLP-2, yana sa fatar cikin hanji ta yi kauri. Daga nan aka samo teduglutide, allurar kullum da Turai da Amurka suka amince da ita a 2012. A babban gwajinta, kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun rage ruwan jijiya da aƙalla kashi 20, alhali a rukunin da aka yi wa allurar da babu maganin a cikinta kashi 30 ne kawai. Ci gaba ne, ba musu. Amma ragewa aka ce, ba warkewa ba.

To, sai batun kuɗi. Kamfanin NPS ya sa wa Gattex, sunan maganin a Amurka, kusan dala 295,000 a shekara ga mutum guda. Dokar Amurka ta 1983 kan cututtukan da ba su kama mutum 200,000 ba tana ba kamfani shekara 7 shi kaɗai a kasuwa, ya yanka farashin da ya ga dama. Shi ya sa kamfanin Shire ya sayi NPS kan dala biliyan 5.2 a 2015, Takeda na Japan kuma ya haɗiye Shire a 2019. Masu neman shiga gasar ma ba su ji da daɗi ba: a Disamba 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta mayar wa Zealand Pharma na Denmak takardunsa na maganin glepaglutide, ta ce ya ƙaro hujja.

Jama'a, wannan kasuwa tana ƙirga masu inshora ne, ba masu ciwo ba. Mu likitoci a ƙasarmu, abin da ke kai mu ga yanke hanji shi ne murɗewar hanji, da ƙaba da ta shaƙe, da taifot da ya huda hanji, galibi saboda an makara zuwa asibiti. Duk wanda muka yi wa aiki da wuri mun raba shi da maganin da ba zai taɓa iya saya ba.

Don haka roƙona guda biyu ne ga shugabannin asibitocin koyarwa: a buɗe rajistar waɗanda aka yanke wa hanji mai yawa, a kuma tanadi abincin jijiya da ma'aikatan da suka iya ba da shi.