Ɗumama ɗaki da hunturu, da maganin danshi a tsohon gida

Kwamiti ya ce mu ɗan yi magana a kan gidajen da muke kwana a ciki, tunda sanyi ya ƙarato, katangunmu kuma ba su gama shan iska daga damina ba.

Yawancinmu a nan Maska gidan ƙasa muka tarar, na kakanni. Kada mu raina shi. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana da yini, ta riƙa sakinsa a hankali cikin dare, shi ya sa ɗakin soro ya fi ɗakin bulo da kwano daɗin kwana a watan Disamba da Janairu. Amma fa sai in katangar a bushe take. Jiƙaƙƙiyar katanga zuƙe ɗumi take yi. Ki hura wuta har asuba, ɗakin yana nan kamar randa. Ga warin ruma a tufafi, ga tari a yara. To kun ga, danshin Agusta shi ne rabin sanyin Janairu.

Ruwan ta ina yake shiga? Mafi yawa ta gindin katanga. Indararo ya karye ko ya yi gajarta, ruwa ya riƙa zuba daf da bango yana tsalle, ƙasa ta jiƙe, danshin ya riƙa hawa sama. Wannan farin abin da muke gani kamar gishiri a ƙasan bango alamarsa ce. Gyaransa ba tsada: indararo mai tsawo, a cike gindin katanga ya gangara waje, a buɗe magudana, a ɗauke randa da wurin wanke-wanke daga jikin ɗaki. Iyayenmu suna yaɓe da makuba ta ɗorawa, masu hali kuma su yi laso da katsin karofi, kuma garin nan an san shi da rini tun da can. Yanzu mun koma shafa siminti a kan ƙasa. Yana da kyan gani, ba musu, sai dai yana toshe danshin a ciki, bayan damina biyu ko uku ya ɓamɓare ya tafi da yanki na katangar. Kuɗi ya tafi, bango ya rame.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi damun mu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, komai ya hau, itace ma ya bi sahu, mata da yawa sun koma gawayi. Bara wata 'yar uwarmu ta shigar da kaskon gawayi ɗaki, ta rufe ƙofa, ta cusa tsumma a taga saboda jariri. Da asuba kishiyarta ta yi ta ƙwanƙwasawa shiru. Allah Ya sa da sauran kwana, aka fito da su waje suka farfaɗo. Wasu suka ce iskokai ne. Iska ce kam, amma ta gawayi: guba ce marar launi marar wari, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya ma farkawa ya ji. Janareta a zaure ko kusa da taga ma haka yake yi. Don Allah, kasko ya ɗumama ɗaki da ƙofa a buɗe, kafin a kwanta a fitar da shi tsakar gida. In kin ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai, fito da su sarari, a tafi asibiti.

Masu jego, ku yi haƙuri da mu. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya suka danganta ciwon zuciyar bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Iyaye, a sassauta.

Ɗumin da ba ya kisa yana nan, kuma kusan kyauta ne. A buɗe ɗaki da hantsi rana ta shiga, a rufe kafin magariba. Ɗakin kwano a yi masa rufin ciki, ko da na zana ko asabari ne, don ta sama ɗumi yake gudu. A janye gado daga jikin bango, a shimfiɗa tabarma biyu, a daina shanya jiƙaƙƙen kaya a ciki. Dutsen murhu mai ɗumi a naɗe shi a tsohon zane a sa wajen ƙafa, amma ba kusa da jariri ba. Mu da muke noman auduga, bargo bai kamata ya gagare mu ba.

Kwamiti ya kawo shawarar adashin gyaran gida. Za a fara zubi bayan an sayar da masara da auduga, a kwashe a watan Maris da Afrilu, lokacin da katanga ta bushe sarai kuma ruwa bai sauka ba. Gidajen zawarawa da tsofaffi za a fara dubawa. Mai so ta ba sakatariya sunanta kafin a watse.