Polima Mai Gurbi da Batun Ware Sinadaran Tsirran Magani



Ƙorafina a kan sassan sinadarai da na harhaɗa magunguna a jami'o'inmu ba sabo ba ne: shekara da shekaru ɗalibai suna jiƙa ganye a metanol, su ɗiga masa ruwan gwaji, launi ya sauya, su rubuta cewa akwai flabonoyid da alkaloyid, a ɗaure kundi a ajiye, ba tare da an ware sinadari ko guda an auna yawansa ba. Uzurin kullum shi ne tsadar na'urorin rarrabewa, kuma polima mai gurbi ta rage wa wannan uzuri ƙarfi sosai.

Polima, wato dangin roba da ake samu idan ƙananan ƙwayoyin sinadari suka sarƙe da juna, ana iya daskarar da ita a kewaye da sinadarin da ake nema, sannan a wanke shi ya fita, sai ya bar gurbi daidai siffarsa, kamar sawun ƙafa a busasshiyar laka, ta yadda idan aka zuba ruwan ganye mai ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, wanda ya dace da gurbin ne zai maƙale, sauran su wuce. Tarihinta ya taho ne daga aikin Günter Wulff a Jamus a 1972 zuwa na Klaus Mosbach a Jami'ar Lund ta Suwidin, wanda ya yaɗa hanya mafi sauƙi da ake bi a yau.

Hujjar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta ganyen ginko. Tsantsarsa da ake sayarwa a Turai da sunan EGb 761 ta samu karɓuwa ne domin an ƙayyade abin da ke cikinta, kashi 24 cikin ɗari flabonoyid, kashi 6 cikin ɗari kuma wani rukuni da ake kira tapin lakton, saboda haka kwalbar bana daidai take da ta bara. A 2001 masu bincike a ƙasar Sin suka yi polima mai gurbin kuwasetin, ɗaya daga cikin waɗannan flabonoyid, suka zuba mata ruwan ganyen bayan sun raba sinadarin da sukarin da ke manne masa, ta kama kuwasetin tare da ɗan'uwansa kamferol wanda siffarsu ta yi kusa. Abin lura shi ne waɗannan biyun suna cikin ganyen zogale da ke bayan kowane gida, kuma kayan haɗa polimar ba su fi ƙarfin ɗakin gwaji matsakaici ba, sannan ana wanke ta a sake amfani da ita sau da dama.

Masu suka suna cewa ƙarfin maganin gargajiya yana cikin haɗuwar sinadaransa ne, suna kafa hujja da Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. To, ai wanda bai san yawan kowane sinadari ba, ba shi da ta cewa a kan haɗuwarsu. Wasu kuma suna nuna cewa ragowar sinadarin da aka yi gurbin da shi yakan tsiyayo ya ɓata awo, alhali an daɗe da magance wannan ta hanyar yin gurbin da makamancinsa. Raunin polimar na gaske yana cikin ruwa zalla, inda zaɓenta ke raguwa, kuma nan ne ya kamata ɗalibanmu su sa ƙarfi, tunda tsimi da jiƙo duk da ruwa ake yin su.

Don haka ya dace sassanmu su daina karɓar kundin digiri na biyu da ya tsaya a gwajin launi, TETFund ta ware kuɗi domin wannan fanni, NAFDAC kuma ta nemi adadin sinadari aƙalla ɗaya a jikin kowace kwalbar maganin tsirrai kafin ta ba shi lamba.